Koren Ƙyallen da Ke Cikin Motar Baba

Shekarun baya, tun ina ɗalibi a Bron, wani gari a gefen Lyon a ƙasar Faransa, tun gashin kaina bai fara ja da baya ba, na yi wani karambani da har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Ban taɓa ba ku labarinsa ba, don ba labari ne da ke fitar da ni da kyau ba. Yau dai na ce bari in faɗa in huta.

A hanyata ta zuwa tashar tram, wato ɗan jirgin ƙasan cikin gari, akwai wani gida mai gareji a gefe. Kowace Asabar ƙofar garejin a buɗe take, wani dattijo Bafaranshe yana ciki yana fama da wata 'yar motar Ingila tsohuwa tukuf, kujera biyu kacal, rufin tamfol, sitiyari a dama. Injin ya riga ya gyara abinsa, don a gyaran jiragen ƙasa ya ƙare aikinsa. Cikin motar ne ya gagare shi. Tablo ɗin, wato allon gaban direba inda agogon gudu da na mai suke, na katako ne mai ruwan zuma, amma verni ɗin, wato man ƙyallin da aka shafa masa, ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani. Fatar da ta kewaye shi ta bushe ta dare, ta jikin ƙofofi ma haka.

Wata rana na tarar yana ƙoƙarin ɗinka fata da allurar ɗinkin riga. Ni kuwa jikan baduku ne, a Damagaram na tashi ina miƙa wa kakana basilla da zare, ga shi bakina ba ya riƙe magana. Na tsaya na gaishe shi, na ce, "Monsieur, wannan allurar ba za ta kai ka ko'ina ba." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ah bon? To shigo ka nuna mini."

Na shiga kuwa, ban fito ba sai bayan wata bakwai. Kowace Asabar ina can. Na fara kiransa Baba, ya tambaye ni ma'anarsa, da na faɗa masa ya yi dariya ya ce ya karɓa. Shi kaɗai yake zaune. Matarsa ta rasu shekaru da dama, 'yarsa ɗaya tilo tana aiki a Paris. Banda motar nan da Asabar ɗinmu, ban ga wani abu da ke fito da shi daga ɗaki ba. Shi zai dafa kafe, shi zai share mini lungu ya shimfiɗa kwali mai tsabta in lokacin azahar ya yi, har ma ya riƙa duba agogo yana cewa, "Mon grand, yarona, lokacin sallarka bai yi ba?"

Aikin ba wasa ba ne. Muka cire agogan ɗaya bayan ɗaya, kowace waya ya ɗaura mata 'yar takarda ya rubuta inda ta fito. Muka kankare tsohon verni, inda fuskar katakon ta ɗago muka tura gam da sirinji muka danne. Sannan shafe bayan shafe, kowane sai ya bushe an goge kafin a ƙara wani. Ni kuma na yanka sabuwar fata na ɗinka gefen tablo da jikin ƙofofi, ɗinki irin na kakana, tsaf kamar haƙoran yaro. Baba ya shafa da yatsa ya ce ko a Ingila ba a yi mata irin wannan ba. Shi ke nan fa, kaina ya kumbura. A masallaci ranar Juma'a har cewa nake ni ke gyara wa wani Bature motarsa, kamar shi ɗin ɗan kallo ne.

Wuri ɗaya ne ya tsone mini ido. Gaban kujerar fasinja akwai ɗan akwati a jikin tablo, wanda ake ajiye takardu da tarkace. Murfinsa na katako mun gyara mun mayar, yana ta walƙiya. Amma in ka buɗe, cikinsa wani koren ƙyalle ne mai gashi-gashi, ya koɗe, ya sule a gefe, ga wani ƙaton tabo a tsakiya. Kuma yana da wani irin ƙamshi da ya tsufa, ni dai a hancina wari ne. Kullum in za mu rufe gareji, sai Baba ya zagaya ya zauna a kujerar fasinja, ya buɗe akwatin, ya sunkuyar da kai ya jima a haka. Ni da kaifin basirata na ɗauka maƙalin murfin yake dubawa. Har shawara na ba shi a ɗiga masa mai. Ya ce, "Oui, oui," ya rufe.

Sau biyu ina ce masa bari in sake wannan ƙyalle. Sau biyu yana cewa, "A'a, bar wannan. Wannan ba a taɓa shi." Kalmomin na ji su sarai, amma da kunnen gida na ji su. A wurinmu in babba ya ce maka bar shi, kada ka wahalar da kanka, to ɗa mai tarbiyya tashi yake ya yi. Baƙo yana cewa ya ƙoshi alhali yunwa na cinsa, kai kuma ka ƙara tura masa kwano. Sai na ce a raina, Allah sarki Baba, nauyina yake ji, yana ganin ya sa ni aiki da yawa.

Wata rana muna cin abinci na ba wani abokina labarin shirina na sake ƙyallen a ɓoye. Shi a nan Faransa aka haife shi, iyayensa mutanen Maraɗi ne, Hausarsa rabi da rabi. Ya ajiye cokali ya ce, "Frère, a nan in mutum ya ce non, wallahi non yake nufi. Ka tambaye shi pourquoi, mene ne dalili, kafin ka taɓa." Na yi masa dariya har da buga cinya. Na ce, "Kai me ka sani game da dattawa? Kai da kake gaida babanka hannu a aljihu!" Ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da cin shinkafarsa.

Dama mahaifiyata ta aiko mini da saƙo ta hannun wani matafiyi, na je har Paris na karɓo a wani shago a La Goutte d'Or. A ciki akwai kilishi, da kwalbar turaren wuta haɗin hannunta, da jar fatar akuya mai laushi da na roƙa musamman. Ana nan sai Baba ya ce zai je wurin 'yarsa ya yi kwana huɗu, ya ba ni makullin gareji don in ƙarasa ɗinkin ƙofar hagu. Na karɓa ina murmushi, don na ga dama ta samu.

Ranar Asabar da hantsi na shiga da bisimilla. Na sa wuƙa na ɓamɓare koren ƙyallen, ya fito guntu-guntu. Na kankare tsohon gam, na wanke cikin akwatin da ruwan sabulu har sau biyu, na bar shi ya sha iska. Na yanka jar fata na liƙa, na bi gefe da ɗinki. Kai, ya yi kyau, wannan ko yanzu ba zan musa ba. To da na tsaya nan ma da sauƙi. Sai na ce ai ba a ba mutum ɗaki ba a turara ba. Na hura gawayi a ɗan kasko, na zuba turaren mahaifiyata, na ajiye a cikin motar a ƙasa a kan bulo, na ja rufin tamfol na rufe ƙofofi. Hayaƙi ya shiga kujeru, ya shiga darduma, ya shiga ko'ina. Guntayen ƙyallen kuwa na tattara a leda na jefa a pubel, wato kwandon sharar bakin titi, na tafi gida ina jin kaina kamar wanda ya gina masallaci.

Ranar Talata da la'asar ya dawo, ina tsaye bakin gareji ina jiransa, har sabuwar riga na sa. Na ce, "Baba, rufe ido, akwai surprise." Tun daga bakin ƙofa na ga ya ɗaga hanci, fuskarsa ta canja. Bai rufe idon ba. Ya wuce ni da sauri irin na tsofaffi, ya zauna a kujerar fasinja ya buɗe akwatin. Ya dubi jar fatar. Ya sunkuya ya shaƙa, ya sake shaƙa, ya cusa fuskarsa ciki har tabaransa ya zame. Sai ya ɗago ya ce a hankali, "Ina ƙyallen?"

Na ce na zubar.

"A ina?"

Na nuna titi. Muka fita tare, ya ɗaga murfin pubel da kansa. Wayam. Motar shara ta kwashe tun safiyar Litinin.

Muka koma ciki, ya zauna a kan kujerar aikinsa, ni kuma na yi tsuru-tsuru kamar ɓarawon da aka kama a kasuwa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce shekarar da suka yi aure suka sayi motar. A tafiyarsu ta farko kwalbar turaren matarsa ta fashe a cikin akwatin nan, suka yi faɗa a bakin hanya, daga baya suka yi ta dariya. Ƙamshin bai taɓa fita ba. Ya ce, "Kayanta na rabar, 'yata ta ce hakan zai fi mini sauƙi. Muryarta ma ta fara ɓace mini, in na nema ba na samu. Amma in na buɗe nan, tana nan."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Don tsabar ruɗewa na ce ko zan nemo irin turaren a Paris. Ya girgiza kai ya ce an daina yinsa tun kafin a haife ni. Na ce, "Pardon, Baba," muryata ko ni ban ji ta sosai ba. Ya ce, "Ba yadda za a yi ka sani." Wannan maganar ta fi mari ciwo, don akwai yadda za a yi in sani. Sau biyu ya faɗa mini, abokina ya faɗa mini na uku, tambaya ɗaya kawai ta rage in yi, iyayi ya hana ni.

Asabar uku muka ƙara kafin aikin ya ƙare. Kafe yana nan, kwalin salla yana nan, bai sake tayar da zancen ba. Sai dai in za mu rufe gareji, yanzu kashe wuta kawai yake mu fita. Ni kuwa ko haɗa ido da shi ba na iyawa. Ranar da ya tayar da motar ya ce in shiga mu zaga gari, na ce ina da jarrabawa. Ƙarya nake, ba na iya zama a wannan kujerar ne.

Ba a jima ba na gama karatu, na samu aiki a Paris, na tare a Saint-Denis da ke gefenta. Na je na yi masa sallama a tsaitsaye, jaka a kafaɗa. To ashe Baba ya sa an nuna masa yadda ake gane ranakun Salla a kalanda. Ƙaramar Salla ya kira, babbar Salla ya kira. Ina ganin lambarsa sai in bar wayar ta yi ta ƙara. Sai ya bar saƙo: "Bonne fête, barka da Salla, mon grand. Baba ne. Motar tana gaishe ka." In ce gobe zan kira, in na samu natsuwa, in na shirya abin da zan faɗa. Shekara ta farko na tura masa gajeren rubutu. Daga nan ko rubutun ban ƙara ba. Ya yi shekara huɗu yana kira, sannan kiran ya tsaya. Kun san abin kunya? Sauƙi na ji.

Wata ranar aiki ina cikin jirgin ƙasa na RER wata baƙuwar lamba ta kira ni. Mace ce, ta ce ita ce 'yarsa, a littafin mahaifinta ta ga lambata. Baba ya rasu wata biyu da suka wuce, a gidan kula da tsofaffi kusa da Lyon. Na yi salati, na yi mata ta'aziyya, ina jira ta faɗa mini abin da na cancanta. Sai ta ce akwai saƙon da ya bar mata, ya nanata har sau da yawa. Ta ce, "Papa ya ce in ba ka haƙuri. Ya ce ka yi masa kyauta da fatar da mahaifiyarka ta aiko daga nesa, shi kuma ya karɓa da mummunar fuska, ko godiya bai yi ba. Ya ce ya san abin da ya sa ka yi fushi da shi ke nan."

Na sauka a tashar da ba tawa ba, na zauna a benci na yi kuka, mutane na wucewa suna kallon ƙato da jakar aiki yana share hanci.

Yanzu in na zauna na duba, laifina biyu ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Na farko zaƙewa ce da jin kai na iya, na auna mutum da mudun gidanmu ban tambaye shi nasa ba. Wannan na koyi darasinsa, yau ko ɗiyata ta ce kada a taɓa mata wani tsumma, tambayarta nake kafin in miƙa hannu. Na biyun ne ya ƙi barina. Na kira shi kunya, na ɗauka ladabi ne in ɓoye fuskata daga mutumin da na ɓata wa, alhali kaina kawai nake tausayi. Dattijon nan abu biyu suka rage masa, ƙamshin matarsa da abotarmu, na cire ɗaya da wuƙa, ɗayan kuma na hana shi da shiru. Ina yi masa fatan alheri duk lokacin da ya faɗo mini a rai, amma fatan ba ya isa kunnensa. Ni na cuce shi, shi ya mutu yana neman gafarata, kuma duk tsawon shekarun nan lambarsa tana cikin wayata.