Mai Wake da Ɗalibarsa Ɗaya

Tun da korona ta rufe makarantu, Kezia ke barin ɗanta Yoila wajen maƙwabciya a Wulari, ta tafi wankin zannuwan gado a asibiti. Yau ta biyo Kasuwar Litinin sayen wake, sai ta ja ta tsaya.

Mai waken dogo ne siriri, hularsa ta koɗe, takunkumi na rataye a haɓarsa. 'Yarsa na zaune kan buhu, ba za ta wuce shekara bakwai ba, sanye da kayan makaranta a goge, har da safa. Ya baza mata wake a faifai, tana jera ƙwayoyin suna zama haruffa. Yana yi wa wata mata awo, amma hankalinsa na kan faifan.

"Muhsinat, harafin nan ya kwanta. Tashe shi."

"Baba, yunwa yake ji."

Ya ɗauki cokali ya ƙwanƙwasa mudu, an tashi tara ke nan. Yarinyar ta zaro ƙosai daga jaka.

Kezia ta tabbata shi ya hura gawayi ya goge rigar nan da hannunsa. Wataƙila ko firamare bai gama ba. Ita ta gama, amma ga Yoila ya fara manta yadda ake rubuta sunansa, don ba a shiga wurin aikinta da yaro.

"Wushe, Madam," mai waken ya gaishe ta da Barbarci, "mudu nawa?"

Wakensa ya fi na kowa tsabta a layin. Amma ba za ta iya ci gaba da kallon faifan nan ba, sai ta ɗauke kai, ta wuce rumfar gaba, ta sayi mai tsakuwa.