Tafiyar Yamai da Ba Mu Kai Ba

Filinge

Kafin kiran assalatu muka bar Filinge, ni da mai gidana, wani ɗan Japan mai gyaran famfon rijiyoyi da mutanenmu suka raɗa wa Dogo don gajartarsa. Za mu ɗauko kayan gyara a Yamai. Sabon direba nake, gwada ni yake yi, ga layin masu jiran in yi kuskure. Faransancina gurgu, nasa makaho, haka muke jan juna.

Don kada in yi gyangyaɗi ya shiga koya mini yarensu. Aikin da mutum ke yi, shigoto. Saye da sayarwa irin na kasuwarmu, shobai. Wurin da ke biyan albashi, kaisha. Tafiyar da kaisha ta aike ka, irin tamu, shutcho. Na ce mu duk neman abinci muke ce musu.

Bonkuku

Mun karya da ƙosai da shayi. Jandarma ya juya takardun Dogo sama da ƙasa, ya sara masa. Na nuna wa Dogo hanyar da muke bi, na ce kakana ya ɗauki ƙasarta a ka zamanin Nasara, ba ko anini, bulala ce ladan. Na tambaye shi, wannan fa, mene ne sunansa a yarensu? Ya ce suna da shi, amma ba shi ake fara koya wa aboki ba. Ya ba ni zangyo a madadinsa, wato aikin da ake ƙarawa bayan an tashi.

Baleyara

A tasha wani direban garinmu da ya biyo bayanmu ya leƙo, motarsa duk taɓo.

"Kai Idi, mi kaka yi nan? Ruwa ya sauka can gida Kurfai bayan hitarku, kowa na gona!"

Ruwan shuka ba ya jiran kowa, Baba kuma ƙafa ta ƙi, ni kaɗai gare shi. In na wuce Yamai, kafin a gama da ofisoshi ƙasa ta bushe. In na roƙi komawa, aiki ya tafi. Na dai faɗa wa Dogo, ina kallon sitiyari.

"Gonar taka ce?"

"Ta Baba ce. Ta babansa ce kuma."

"To wannan ba shigoto ba ne kawai. Kagyo ne, sana'ar gida."

Sannan ya ce shi ma ubansa manomin shinkafa ne. Shi Dogo ya bi kaisha, tsohon ya rasu yana wata shutcho, yau ciyawa ce a gonar.

"Juya," in ji shi.

Gida

Da azahar muna gona. Ni ina sara da sungumi, Dogo ya tuɓe takalmi yana zuba iri yana rufewa da diddige, kowane rami sai ya tsaya ya duba shi kamar famfo. Baba na zaune gindin gawo.

"Wanga baƙo, ba shi da gona garinsu?"

"Shina da, Baba. Ya bar ta."

"To bar shi shi yi, kada ka hanzarta shi."

Mun gama kafin ƙasa ta sha iska, aikina kuma yana nan. Na gode Allah da ya maido mu lafiya. Na kuma gode wa wani tsoho can Japan da ban taɓa gani ba, wanda gonarsa ta mutu tamu ta sami shuka.