Awa Biyu a Bakin Kogin Nilu

Ban taɓa mantawa da ranar Larabar da na fita da jaririya mai ciwon zuciya ganin gari a Alƙahira ba, ko da yake shekaru sun ja tun da na ajiye farar rigar aiki.

A lokacin ina babbar jami'ar jinya a sashen yara na wani asibiti a Anka. Wata ƙungiyar agaji ta ɗauki nauyin kai yara huɗu Masar a yi musu aikin zuciya, aka sa ni cikin masu rakiya. Ga waɗanda ba su san aikin ba, mai rakiya ita ke riƙe da yaro tun daga ƙofar gidansu har a miƙa shi hannun likitocin can. Duk bayan awa huɗu za ta auna zafin jiki, ta ƙirga numfashi, ta maƙala wata 'yar na'ura a babban yatsan ƙafa don ganin yawan iskar da ke cikin jini, ta rubuta. Dokar farko a takardar da muka sa wa hannu ita ce ba a fita da yaro daga masauki sai zuwa asibiti.

Wadda aka damƙa mini sunanta Hauwa'u, wata tara da haihuwa. Uwarta Luba mutuniyar Bagega ce, kuma ba baƙuwata ba ce. Shekarun da gubar dalma ta yi ta ɗaukar yara a garuruwan da ake niƙa dutsen zinari, a gabana ta rasa 'ya'ya biyu. Ta daɗe ba ta sake haihuwa ba, sai ga Hauwa'u, ita kuma ta zo da huda a zuciya. In ta yi kuka mai tsawo, leɓunanta su yi shuɗi.

An sa aikin ranar Alhamis da safe. Ranar Talata likitan fiɗa ya zaunar da mu, tafinta yana fassarawa, ya faɗi gaskiya: ana sa ran nasara, amma akwai yaran da ba sa tashi. Mijin Luba ya riga ya sa hannu tun a gida, sai dai ƙa'idar asibitin sai wanda ya zo da yaro shi ma ya amince. Aka miƙo takarda da tawadar dangwale. Luba ta naɗe hannuwanta cikin hijabi, ta ƙi.

Washegari da hantsi ta same ni ina cika takardar awo.

"Malama, ina roƙon arziki. Ki hita da mu mu ga garin ga."

Na ce, "Luba, kin san doka."

"Na sani. Amma biyu da sunka riga ta, ba su san ko'ina ba sai tsakar gida da gadon asibiti. Wagga ko, Allah ya kawo ta har ƙasar Annabi Musa. In gobe ta tahi, mi zan ce ta gani? Silin?"

Na tafi wurin likitan da ke jagorantar tawagarmu, dattijo ne mai tsare ƙa'ida, na faɗa masa yadda muka yi. Ya daɗe yana kallon takardar da babu dangwale a kanta.

"Sista, kin san in wani abu ya faru, ke ce?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Awa biyu. Ban da kasuwa, ban da cunkoso, ban da rana. Ki tafi da na'ura da ƙaramin tulun iska. Ki rubuta cewa shawararki ce."

Na rubuta, na sa hannu.

Bayan la'asar direban masauki ya ɗauke mu. Luba ta sauko da Hauwa'u daga goyo ta ɗora ta a cinya, fuskarta ga gilashi. Duk abin da muka wuce sai ta faɗa mata, kamar mai magana da babba. "Ga masallaci, diba tsawon hasumiya. Ga jakki da amalanke, ashe su ma suna da shi. Ga gida bisa gida, ko ina suka ɗaure awakinsu?" Yarinyar tana ta bin motoci da ido, tana dukan gilashi da tafin hannu. Ni kuwa idona na kan leɓunanta. Gaskiya ban ga Alƙahira ba a ranar.

Muka sauka a bakin kogi, wurin da akwai itatuwa da kujerun siminti. Luba ta tsaya cik. Ta ce ita ta ɗauka gulbin Gummi in ya ciko da damina shi ne ƙarshen ruwa.

Ba mu yi minti goma ba wani jirgin ruwa ya danna ƙaho kusa da mu. Hauwa'u ta firgita ta tsala kuka. Kafin in buɗe jaka leɓunan sun rine, lambar na'ura tana ta sauka. Na karɓe ta, na naɗe gwiwoyinta zuwa ƙirji yadda aka koya mana, na kara mata iska a hanci. Wata tsohuwa mai gasa masara ta bar garwashinta ta taho, ta ware mayafinta ta yi mana inuwa, tana ta karanto addu'a. Ba ma jin yarenta, amma mun gane sunan Allah. Minti huɗu aka yi, na duba agogo. A hankali lambar ta fara hawa, jan leɓe ya dawo, yarinyar ta yi ajiyar zuciya, na miƙa wa uwarta, ta kama nono.

Na ce, "Tashi mu koma."

Luba ba ta motsa ba. Tana kallon ruwan.

"Malama, wanga shi ne gulbin da anka sa Annabi Musa?"

Na ce haka malamai suka faɗa.

"Yana jinjiri?"

"Yana jinjiri."

"Kuma innarsa da hannunta ta sa shi, ta juya ta koma gida." Hawaye na zuba kan goshin 'yar. "Ni ina ce riƙo shi ne so. Kin ga yanzu tana hannuna, kuma ban iya yi mata komi ba. Mu tahi. A kawo takardar."

Kafin magariba ta dangwala.

Da safe ita ta ɗauki Hauwa'u har bakin jan layin da ba a tsallakewa a ƙofar ɗakin fiɗa, ta miƙa ta, ta juya ba ta waiwaya ba. Awa shida muka zauna. Yarinyar ta tashi. Ta yi kwana tara a ɗakin kulawa ta musamman, muka dawo da ita gida da dogon tabo a ƙirji.

Abin da ya faru a bakin kogi kuwa, na rubuta shi duka a takardar awo, da lokaci da lambar da na'ura ta nuna. Da muka dawo ƙungiyar ta aiko mini da takardar tuhuma, kuma ba a sake sa ni rakiya ba. Ban yi jayayya ba, don sun yi daidai. Da yarinyar ta cika a hannuna a wurin nan, babu bayanin da zai wanke ni.

Saboda haka, ku da kuke aikin jinya a yanzu, ba na ce muku ku karya doka. An rubuta ta ne bayan an yi asarar rayuka. Abin da nake so ku riƙe shi ne, a sashen yara gado ɗaya marasa lafiya biyu ne a kansa, amma ɗaya kawai ake buɗe wa kati. Kwana biyu ina auna Hauwa'u duk bayan awa huɗu, ban taɓa tambayar Luba abin da ya hana ta dangwale ba. In uwa ta naɗe hannu ta ƙi takarda, kada ku rubuta "ta ƙi" ku wuce. Ku ja kujera ku zauna.