Na'urar da Ta Kira Baba da Sunansa

A gidanmu a Gwandu ba a faɗin sunan Baba. Inna "Malam" take ce masa, mu kuwa Baba. Ko yaron maƙwabta mai irin sunansa ya shigo, "mai sunan Baba" muke kiransa. Wuri ɗaya nake jin sunan nan tsirara, wato makaranta in ana kiran rajista a haɗa sunana da nasa, a can ma da sauri nake amsawa don a wuce wurin.

Dogon hutun da na gama aji huɗu na sakandare, Goggo, ƙanwar Baba da ke aure a Kalgo, ta aiko cewa wani malami ya buɗe darasin kwamfuta a wata makaranta kusa da gidanta, in zo in zauna wurinta in shiga. Baba bai so ba. Damina ce, gonarmu ta wajen Malisa tana jiran maimai, kuma ni ne babba a maza. Daga ƙarshe ya ce in je in gani, in an kwana biyu in dawo in nuna masa abin da ake koyo. In abin kirki ne in koma in ƙarasa, in ba haka ba kalmena na noma yana nan rataye, ba wanda zai taɓa mini shi.

Malamin ɗan siriri ne mai saurin magana, ba ya zama a kujera. Kwamfutocin ba su ishe mu ba, sai mu taru a kan ɗaya, wannan ya danna, wancan ya ce saura shi. Tun ranar farko ya ce mu cire tsoronta daga ranmu, ba ta da hankali ko na ƙwayar gero, abin da ka rubuta mata shi za ta bi, layi bayan layi. Furogiram ɗinmu na farko gajere ne. Na'ura ta tambayi mutum sunansa, ta ajiye amsar a wani gurbi, wanda Malam ya ce mu ɗauke shi kamar ƙwaryar da aka yi wa alama, in an buƙaci abin da ke ciki a ɗauko. Sai ta gaishe shi da sunan, ta tambayi shekarunsa, ta yi masa sallama. Da Turanci yake a littafi, Malam ya ce mu mai da kalaman Hausa don iyayenmu su gani su gane.

Ranar da nawa ya yi aiki na rubuta sunana, allo ya ce mini sannu. Wallahi daɗi ya cika ni, na yi ta maimaitawa har abokan zamana suka ture ni. Ɗan Goggo yana da tsohuwar laftof mai tsagaggen murfi, na roƙe shi aro, na sa furogiram ɗin a ciki na hau mota zuwa Gwandu ina jin kaina injiniya.

Bayan la'asar na sami Baba a ƙofar gida da dattawa biyu abokansa a kan tabarma. Na durƙusa na gaishe su, na buɗe laftof na ajiye a gabansa. Baba yana karanta boko, a hankali dai, kuma da ƙarfi yake karantawa. Ya karanta, "Mene ne sunanka?" Ya ɗago ya dube ni. Ni kuwa, sakarai, na ce, "Ku rubuta, Baba, ga haruffan nan." Ya sa yatsa ɗaya yana neman harafi yana dannawa har ya gama, na nuna masa babban maɓallin ya danna.

Na'urar ta ce masa sannu, ta kira sunansa gatsau, ba Malam, ba komai. Ta bi da, "Shekarunka nawa?"

Ɗaya dattijon ya leƙo ya sake karantawa da ƙarfi, ɗayan ya kau da kai yana danne dariya. A nan na gane abin da na ɗauko tun daga Kalgo. Na yi sauri na danna wata lamba don ta wuce, sai ta ce masa sai an jima, ta ƙara kiran sunan. Wato ta kira shi, ta bincike shi, ta kuma sallame shi a ƙofar gidansa.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Wanga shi aka koya muku?" Na ce haka yake a littafi. Ya ce, "To, rufe. Gobe Malisa."

Haushi ya hana ni cin tuwo. Ban san ko wane ne ya rubuta littafin nan ba, amma na tabbata a gidansu ba a durƙusa wa kowa. Na ari wayar Inna na kira malamin kwamfutar na zazzage masa komai. Ya yi dariya har da tari, ni kuwa kamar in jefar da wayar. Da ya lafa ya ce, "Kai, ita fa ba ta san Baba ba. Wa ya ce mata ta tambayi suna?" Na ce littafi. Ya ce, "Littafi ne ya danna?" Sai ya ce in faɗa masa yadda ake gaisuwa a gidanmu, wa ke farawa, wa ke yankewa. Na ce yaro ke farawa, kuma ba ya tashi sai babba ya sa masa albarka. Ya ce to wannan darasin mako mai zuwa ne, zagaye ake ce masa: ka umurci na'ura ta yi ta maimaita abu muddin wani sharaɗi bai cika ba. Ya karanto mini yadda ake rubuta shi, na kwafa a bayan kwalin ashana da ke kusa.

Kwanakin da suka biyo, da safe muna gona ni da Baba, da yamma in kai laftof wurin mai cajin waya a bakin kasuwa in zauna a bencinsa. Na goge tambayar suna da ta shekaru. Na jera gaisuwa yadda ake yinta: ina wuni, ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwa, yaya gona, yaya dabbobi. Duk amsar da aka ba ta sai ta ce, "To madalla," ta ɗauko ta gaba. In jerin ya ƙare ta koma farko, ba za ta tsaya ba sai ta ga kalmar albarka a cikin amsa. Gwajin farko na manta ban sa wurin jiran amsa a cikin zagayen ba, sai ta yi ta zubo "To madalla" har allo ya cika yana gudu. Mai caji ya leƙo ya ce injina ya kamu da sambatu, in kai shi a yi masa tofi.

Akwai tambaya ɗaya da na ƙara a ƙarshen jerin. A gona na lura Baba yana jingina nauyinsa a ƙafar dama, in ya kai ƙarshen kunya sai ya tsaya ya yi kamar yana duba hadari. Bai faɗa wa kowa ba, ni kuma ba ni da bakin da zan tambaye shi. Na rubuta, "Yaya ƙafa?"

Da lokacin mai da laftof ya matso, na same shi shi kaɗai a zaure yana gyara ƙotar kalme. Na ce, "Baba, na gyara ta. Ku ƙara dubawa, in ba ta yi ba gobe in ba direba ya kai wa mai ita." Ya goge hannunsa a riga ya jawo ta.

"Baba, ina wuni?" ya karanta. Ya ɗan gyara zama. Ya rubuta lahiya lau, yadda muke faɗa. Gajiya, babu gajiya. Iyali, lahiya. Ruwa, ya yi gyara. Kowace amsa sai ya nemi haruffanta ɗaya bayan ɗaya, ni ina durƙushe gefe ƙafata ta yi tsami. Na ga bakinsa ya fara sakin murmushi a wajen dabbobi.

Sai ta zo kan ƙafa. Ya karanta a hankali, bai dube ni ba. Ya ce, "Ita tas sani, ko kai kas sa mata?" Na ce, "Ni ne, Baba." Kowa ya san amsar wannan tambaya, da sauƙi ake cewa ko mutum yana kwance. Na zuba ido ina jiran in ga ya rubuta haka. Ya sa yatsa ya rubuta, "Babu sauƙi." Ya danna.

Na'urar ta ce, "To madalla." Ta koma farko, "Baba, ina wuni?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban tanadar mata wata amsa ba, don ban taɓa zaton wani zai faɗa mata gaskiya ba, balle Baba. Na fara cewa wallahi ban yi nufin haka ba, ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Ta iya gaisuwa, ba ta iya jaje ba. Ba ni sa mata albarka tukuna." Ya turo mini ita. "Koma ka tambayi malaminku yadda aka gwada mata ta saurari abin da mutum yac ce."

Na ce, "Gonar fa, Baba?"

Ya ce, "Gona ba ta tambayi ƙahwata ba."

Washegari da sassafe na rataya jakata na fito zan tafi tasha, shi kuma ya fito da kalmensa a kafaɗa. Muka jera har mararraba, ya ce in gaida Goggo, ya kama hanyar Malisa. Na tsaya ina kallonsa. Tunda yanzu na sani, bai ƙara wahalar da kansa wajen ɓoyewa ba, yana tafiya yana ɗingishi. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kusa bin bayansa. Ya waiwayo ya gan ni tsaye, ya daka mini tsawa in wuce kada mota ta cika.