Ta'aziyyar Baba Mai Lagireto, Wanda Ya Juya Iskar Motarmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga wannan wata, da hantsi, 'yarka ta kira ni ta ce Allah Ya yi maka rasuwa, bayan jinyar kwana tara da ban ma ji labarinta ba. Na yi kuka, Baba, kuma na ji kunya, domin shekara biyu ina damunka da tambayar lafiyar mota, ban taɓa zama na tambayi taka lafiyar da kyau ba.

Larura ce ta haɗa mu. Mahaifiyata tana zuwa wankin ƙoda sau biyu a mako, kuma asibitin ba ya jiran kowa: wanda ya makara, a ɗora wani a kan injin. Abin hawanmu tsohuwar motar da mahaifina ya bari ce, wadda ta girme ni da shekara uku. A kan buɗaɗɗen titi lafiya lau take, amma da mun shiga cunkoso sai allurar zafi ta haye ja, tururi ya turnuƙe bonet. Sau biyu muka rasa layi. A na biyun ƙafafun Mama suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, na tsorata ƙwarai.

Kafin in zo wurinka wani bakanike ya riga ya canja mana lagireto, ya ƙara fankar lantarki, amma zafin bai ragu ba. Ni kuma da wayona na sayo wata ƙatuwar fanka, na rungumo ta zuwa rumfarka. Na same ka zaune tsakanin tsofaffin lagireto da ka jera a bango, kana hura wani bututu da baki. Ko kallon fankar ba ka yi ba.

"A gudu take tafasa ko a tsaye?" ka tambaye ni.

Na ce a tsaye, amma me ya sa kake tambaya? Ka ce idan a gudu ne, a tuhumi lagireto; idan a tsaye ne, iska ce ba ta shiga, a tuhumi fanka. Sai ka sa na ta da mota, ka yagi gefen tsohuwar jarida, ka kara a gaban lagireto. Maimakon takardar ta manne, sai ta tashi sama ta faɗo a ƙafata. Ashe an haɗa wayoyin a juye, fankar tana tura zafin inji waje ta cikin lagireton maimakon ta jawo iska mai sanyi. Wata biyu muna wahala a kan waya biyu! Na rasa dariya zan yi ko ashar.

Na ɗauka an gama, ka ce da saura. Robar da ke kewaye fanka, wadda bakaniken ya cire ya yar don tana hana hannunsa shiga, ita ce ke tilasta iska ta bi ta cikin lagireto. Kwana biyu ka yi kana yawo wurin masu tsofaffin kayan mota har ka samo daidai da tamu. Ƙatuwar fankata kuwa ka ce in mayar, domin tsohuwar mota ba ta da wutar da za ta ciyar da ita, kuma idan an ɗaura ta za ta iya goga bel ɗin inji. Na ce me ya sa ba za a gwada ba? Ka cire gilashinka ka dube ni.

"Ke dai 'Yar Me-ya-sa ce. Kawo hannunki ki ji da kanki."

Na kara hannuna a gaban lagireto, na ji yadda fankar da ke ciki take jawo iska da ƙarfi. Daga ranar sunan ya bi ni. Duk sanda na biyo sai na tsaya da sabuwar tambaya, kai kuma ba ka taɓa cewa wannan ba aikin mata ba ne. Ka koya mini shafa fuskar lagireto da tafin hannu bayan an kashe inji, in nemi inda ya yi sanyi, domin nan ne ya toshe. Ka hana ni buɗe murfin lagireto da zafi, da faɗa sosai, ka nuna mini tabon ƙunar da ke damtsenka. Faɗanka ma ba ya daɗewa, kafin in rufe bonet ka manta.

Ranar sadakar uku Mama ta ce sai an kai ta gidanka, duk da jiri da take fama da shi. Ta zauna kusa da matarka, ta riƙe hannunta.

"Ban taɓa ganin fuskar maigidanki ba," in ji Mama, "amma shekara biyu ke nan ban rasa layina a asibiti ba ko sau ɗaya."

Matarka ta share hawaye, sannan ta juyo gare ni. "Shekara arba'in yana dawowa da baƙin hannu, bai taɓa ba mu labarin aiki ba. 'Yata, wai me ya yi wa motar taku ne?"

Sai ga ni a tsakiyar zaman makoki, ina yi wa iyalinka bayanin yadda fanka ke jawo iska. 'Ya'yanka suka matso suna saurare, babu wanda ya katse ni. A bakina suka fara jin abin da kake yi tun safe har yamma.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya yafe kurakuranka, Ya sanyaya makwancinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ga matarka, da 'ya'yanka, da abokan sana'arka, ina miƙa ta'aziyyata da ta Mama. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa, mu kuma Ya sa mu cika da imani. Amin.