Zaren Hannun Labbo

Ban taɓa mantawa da ranar da aka shigo da Labbo mahauci asibiti a goye ba. Ku da ke aikin jinya yanzu kuna yawan tambayata yadda aiki yake a zamaninmu, to bari in ba ku wannan.

Lokacin Turawa ba su daɗe da buɗe asibiti a Sakkwato ba, mutane kuma sun fi yarda da maɗori da wanzami. Likita Bature ne, shi ne babba. Ƙarƙashinsa akwai Malam Sani diresa, wato mai wanke ciwo ya ɗaure. Ni ce ta ƙasa. Aikina in dafa ruwa, in wanke bandeji, in rubuta sunan duk wanda ya zo, don na ɗan taɓa karatun boko a ajin mata kafin a yi mini aure.

Wata Alhamis ce bayan girbin gero, an yi azahar ba a kai la'asar ba. Sai ga wani ƙato ya shigo da mutum a bayansa, mahauta sun biyo su suna hayaniya. Na goyen na san shi, Labbo ne, ɗan maƙwabciyarmu, ɗan dambe. Wanda ya goyo shi kuwa baƙo ne, Garba, manomi daga ƙauye, ɗan kokawa.

Abin da ya faru shi ne, a wurin wasan kaka gardama ta tashi tsakanin mahauta da manoma kan wa ya fi ƙarfi, ɗan dambe ko ɗan kokawa. Aka tura su biyu fili, babu wanda ya tsaya ya ce da wace ƙa'ida za a yi. Ga wanda bai sani ba, ɗan dambe nesa yake tsayawa. Hannu ɗaya yana buɗe a gaba yana karewa, ɗayan an dunƙule shi an naɗe da tsumma, an bi shi da zare tamau, da shi ake duka. Ɗan kokawa kuwa kusa yake nema, ya shiga jiki ya kama ƙugu ya ɗaga. Garba ya shiga, ya ɗaga Labbo, ya kayar. Da ɗan kokawa ne, da ya buɗe tafi ya tare ƙasa. Labbo ba shi da tafin buɗewa. Kan dunƙulen nan ya sauka, wuyan hannu ya karye.

Likita ya duba, ya ga hannun yana kumbura a ƙarƙashin zaren, fatar wuyan hannun ta fara duhu. Ya ce jini ba ya wucewa. In ba a cire zaren kafin magariba ba, hannun zai mutu, sai yankewa. Hannun dama ne, wanda Labbo ke riƙe wuƙa da shi yana ciyar da mahaifiyarsa da mata da 'ya'ya biyu.

Malam Sani ya ɗauko almakashi. Labbo ya rungume hannun a ƙirji, gumi na zuba.

"Wallahi ba a taɓa shi," in ji shi. "Ba a gama ba."

"Mi ne ba a gama ba? Ga ka kwance!" in ji Malam Sani.

"Ɗaukata anka yi, ba duka ya kai ni ƙasa ba. In na kwance zarenga, na yarda an kashe ni ke nan."

A dambe in an ce an kashe mutum, an kai shi ƙasa ne. Su kuma mahautan unguwarmu, a al'adarsu ba a kwance zare sai an raba wasa an san wanda ya ci. Mahautan da ke bakin ƙofa suna ta ce masa ya daure. Likita ya yi fushi, ya ce a kira masu gadi su danne shi. Malam Sani ya roƙe shi a ɗan jinkirta, don in aka danne mahauci ɗaya yau, babu mahaucin da zai sake taka asibitin nan.

Na matsa na ce, "Labbo, ka ji tsoron Allah. Innarka fa?"

Ya juyar da fuska bango. "Yaya Ige, ki bar ni."

Na fita zuba ruwa, zuciyata ba daɗi. Sai na tarar da Garba zaune a gindin darbejiya, babu mai kula shi, ƙato guda yana share hawaye da bakin riga. Na lura gwiwarsa ta hagu ta goge, jini ya bushe da ƙasa a ciki, bayan kunnensa kuma ya tasa kamar ƙwai. Tunda aikina ne, na ɗebo ruwan ɗumi na ce ya miƙo ƙafar.

"Wanga fa, ina ka same shi?"

"Shi ya ba ni," ya ce, yana taɓa kunnen. "Ina duƙawa in kama shi, sai na ji kamar an buga man taɓarya. Gwiwata ta sha ƙasa, na tashi da shi."

Na tsaya da tsumma a hannu. "Gwiwarka ta taɓa ƙasa? Kafin ka ɗaga shi?"

"Awo. To mi ne a ciki? Mu a garinmu sai bayan mutum ya kwanta."

Ni kuwa a tsakiyar mahauta na girma, ta katanga nake jin gardamarsu tun ina yarinya. Na san a dambe ko gwiwa ɗaya ta taɓa ƙasa bayan duka, wasa ya ƙare. Garba bai sani ba, shi ya sa bai faɗa ba. Labbo kuma yana sama, bai gani ba.

Na ce, "Malam Garba, ba ƙarya za ka yi ba. Abin da ka gaya man yanzu, shi za ka shiga ka faɗa. Amma mutanenku za su ji, za su ce mahauci ya ci ka."

Sai ya miƙe bai bari na gama wankin ba.

A gaban kowa ya ɗage wando ya nuna gwiwar, ya karkato da kunnen, ya faɗi yadda aka yi. Wani tsohon mahauci ya duƙa ya duba ƙasar da ke cikin ciwon, ya ɗago ya ce, "An kashe shi tun kafin shi ɗauka."

Labbo ya dubi Garba. "Da gaske gwiwarka ta sha ƙasa?"

"Na rantse. Hannunka kamar na jaki."

"Jaki ba shi da hannu, baƙauye," in ji Labbo, yana dariya yana cije leɓe. Sai ya miƙa masa hannun. "Zo ka kwance da kanka."

Malam Sani ya so ya sa almakashi, na roƙe shi da ido. Garba ya durƙusa, na tallabe gwiwar hannun, ya riƙa warware zaren sawu ɗaya bayan ɗaya da manyan yatsun nan nasa, a hankali kamar mai kwance jariri daga goyo. Ana kiran la'asar aka kai ga tsumma. Likita ya danna farce, ya saki, muka ga ja ya dawo. Na ce alhamdulillahi a bayyane, ban san na faɗa ba.

An ɗaure karayar da katako, ta warke, sai dai wuyan hannun ya ɗan karkace. Labbo bai sake dambe ba, amma ya koma kan wuƙarsa har tsufa. Garba ya sha zolaya a garinsu, ya ce mini shekara biyu yara na kiransa mai gwiwa. Duk da haka in ya shigo birni a rumfar Labbo yake sauka.

Abin da na koya, 'ya'yana, shi ne majinyaci in ya ƙi magani, ba kullum ba ne taurin kai. Akwai abin da yake karewa, sai ka san shi za ka iya taimakonsa. Kuma kada ku wuce wanda ke zaune a waje don ciwonsa ƙarami ne. Ranar nan mu uku muna kan hannun da ya karye, ashe maganinsa na jikin gwiwar da babu wanda ya ce in wanke.