Karsanar Alhaji Sule

Shekara tara rabona da Garwa. Ina ɗakin bincike a Turai ƙanwata ta buga waya ta ce Alhaji Sule, mai fataucin shanu na unguwar Rumde Ajiya, ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba ubana ba ne, abokin mahaifina ne. Amma duk wanda ya kira ni Dokta yau, guminsa yake kira.

Aikina shi ne ƙona ƙashin shanu, a niƙe shi ya zama ƙwayoyin da suka fi silin gashi ƙanƙanta sau dubbai, a tace ruwan rijiyoyin wajen Mokolo da ke ɓata haƙoran yara. Na kai dosiye, wato takardun aikin, ofis-ofis neman tallafi. Wasu sun ce in kawo sakamako kafin su ba da kuɗin nemo sakamakon. Ban ce duk azzalumai ba ne, wata jami'ar Turai ta ba ni ɗaki da na'ura, na gode mata. Sai dai na'ura ba ta sayen sinadari.

Kafin in tafi, Alhaji ne ya zaunar da ni a kasuwar shanu. Ya ce, "Kai ɗan Audu, abin nan naka ana ganinsa?" Na ce ido ba ya gani. Ya yi dariya. "To mene ne? Ni ma ina sayen saniya da ciki, ban ga ɗan ba."

Ya ware karsana guda ya ce habbanaye ce, irin aron da Fulani ke yi: ka riƙe ta, 'ya'yan naka, uwar ka mayar. Da yake tafiya zan yi, shi ya ci gaba da kiwonta. Duk ɗan da ta haifa ya sayar ya aiko. Ya sa mahauta suna wanke mini ƙashi a kwata yana aiko mini, suna tsokanarsa wai kare yake kiwo a Turai. Ya ce, "Ku bari, karen nan likita ne."

Shekarar da gwajina ya lalace na kira shi ina jin kunya. Bai tambayi kuɗinsa ba. Ya ce, "Saniya ma tana ɓari. Ka ci abinci?"

Bana matatar ta yi aiki. Ya ji a waya, bai sha ruwanta ba. Na ce lokacin mayar da uwar ya yi. Ya ce, "Ta tsufa, ɗan Audu. Ka sayi wata ka ɗaura wa mai bincike na bayanka."

Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa, Ya shayar da shi daga tafkin Alkausara. Allah Ya ba Hajiya da 'ya'yansa haƙuri, Ya albarkaci garken da ya bari.

Ban tara abin kirki a nan ba. Abin da ke hannuna: kuɗin jirgi zuwa gida, matatar ruwa guda biyu a akwati, da kuɗin karsana ɗaya.